Me Ya Sa Tsohuwar Peugeot 504 Ke Jinkirin Tashi?

Idan Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ta kwana biyu a ajiye ta ƙi tashi da wuri, batir ake fara zargi, alhali sau da yawa laifin na kafireto ne. Fetur ɗin da ke cikinsa yakan bushe, kuma injin ne ke motsa famfon mai, don haka sai injin ya yi ta juyawa kafin mai ya iso. Wani zai ce ai sabon batir na magance matsalar. Yakan ɓoye ta dai. In injin na juyawa da ƙarfi, batir lafiya lau yake. Bakanike ya duba famfo da tiyon mai, sannan filogi.