Ƙarfen da ya ba masana mamaki: darasi ga Jalingo da masu tsara kasafi a Abuja

Wutar lantarkin da ke isa Jalingo tana yin doguwar tafiya, ta Gombe da Yola, kafin ta haska kwan fitila guda. A hanya wani kaso nata yana salwanta, domin wayar da ke ɗauke da ita tana yi mata tirjiya, tirjiyar kuma tana zama zafi. Ko da an kammala aikin Mambila da aka daɗe ana jira, wannan asarar ba za ta kau ba.

Masana sun san maganinta tun 1911, lokacin da Heike Kamerlingh Onnes na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan ya sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, ya ga tirjiyarta ta ɓace gaba ɗaya. Irin waɗannan sinadarai marasa tirjiya su ne ke sarrafa babban maganaɗisun na'urar MRI a asibitoci. Illarsu ita ce tsananin sanyin da suke bukata, wanda sai da ruwan hiliyam mai tsada ake samunsa.

An daɗe ana ɗauka cewa ƙarfe ba shi da gurbi a wannan fage, saboda maganaɗisu da rashin tirjiya tamkar kishiyoyi ne. A 2008, shekarar da aka kafa Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, Hideo Hosono da abokan aikinsa a Tokyo suka rushe wannan zato. Sun haɗa ƙarfe da asinik da wasu sinadarai, haɗin ya rasa tirjiya a digiri 247 ƙasa da sifiri. Cikin 'yan watanni masana a ƙasar Sin suka kai shi digiri 218 ƙasa da sifiri.

Yaya abin yake faruwa? Kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe tamkar ƙaramar allurar kamfas ce. A cikin asalin haɗin, alluran suna jeruwa kamar kunyoyin gona: wannan layi ya fuskanci gabas, na kusa da shi yamma. Idan aka sauya kaɗan daga sinadaran, ko aka matse haɗin, sai jerin ya raunana, rashin tirjiya ya bayyana. Masana da dama suna ganin girgizar da ta rage daga rusasshen jerin ce ke ɗaure ilaktiron biyu-biyu, su wuce ba tare da karo ba. Abin da ake ɗauka magabci sai ga shi ya zama mai ɗaura aure.

Akwai kuma wani tsari na daban. Kafin maganaɗisun ya kafu, ilaktiron kan zaɓi ɓangare, su fi sauƙin tafiya ta wata fuska fiye da ɗayar. A haɗin ƙarfe da siliniyam, wannan tsari yana bayyana a wajen digiri 183 ƙasa da sifiri ba tare da jerin maganaɗisu ya biyo baya ba. Shi ya sa har yau ake muhawara kan wanda ke jan ragama tsakanin biyun.

Kada a yi gaggawar murna. Waɗannan sinadarai ba su kai matakin da ruwan naitirojin mai arha zai wadatar da su ba, don haka ba gobe za su maye gurbin wayoyin Yola zuwa Jalingo ba. Ƙarfinsu yana wajen jure maganaɗisu mai tsanani, kuma a 2016 masana a Beijin sun ƙera waya mai tsawon mita 100 daga cikinsu.

Darasin yana kan teburin masu rubuta kasafi. Sin ta yi saurin shiga gaba a 2008 ne saboda ta riga ta tanadi ɗakunan gwaji da ƙwararru. Najeriya tana da tama a Itakpe, tana da cibiyar kimiyya ta Sheda, tana da asusun bincike na TETFund. Amma ɗalibin kimiyyar lissafi da fiziks a Jalingo ba zai auna komai a irin wannan sanyi ba sai da injin sanyaya da wutar da ba ta yankewa. Da abin da ya rage a takardar kasafin da ke gabanku ne za a saya masa su, ko a bar shi da allo da alli.