Giyabos ɗin gwanjo: Yadda ake gane lissafin giyar tsohuwar mota otomatik ba tare da an kwance ta ba

Ma'aikacin da ke tasowa daga Kubwa ko Lugbe zuwa Sakatariyar Tarayya kullum ya san kukan motarsa kamar yadda ya san muryar ɗansa. Shi ya sa idan giyabos ta lalace, bakanike ya ɗaura masa ta gwanjo daga Apo, shi ne yake fara jin bambanci: inji na ƙara fiye da da, allurar gudu ta daina faɗin gaskiya, tanki kuma ba ya kai shi Juma'a. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan na ƙarshen ya zama maganar albashi.

Sau da yawa giyabos ɗin lafiyarta ƙalau, lissafinta ne bai dace da motar ba. Abin da kanikawa ke kira reshiyo shi ne yawan juyin da inji ke yi kafin ƙarfen da ke fita daga giyabos ya juya sau ɗaya. Bayan wannan akwai wani ragin a aksil kafin ƙarfi ya isa taya. A motocin da tayoyin gaba ke ja, irin su Camry, ragin biyu duk a gida ɗaya suke, don haka giyabos biyu na iya yin kama kamar an tsaga kara, kusoshinsu su zauna daidai, amma haƙoran ciki su bambanta.

Bincike mafi araha shi ne karanta lamba. Toyota da aka shigo da ita daga Amurka tana da takarda a jikin ƙofar direba, inda haruffan A/TM ke nuna lambar aksil da ta giyabos. Tsohuwar Mercedes, ciki har da wadda ake kira V-boot, an buga mata lamba mai farawa da 722 a jikin giyabos, saman kwanon mai. Sai dai takardar ƙofa tana faɗin abin da mota ta fito da shi daga kamfani ne kawai. Motar da ta shekara ashirin da biyar, ta ratsa hannu huɗu ko biyar, wataƙila har da gwanjon gwamnati, ba a rantsuwa a kan takardarta.

Wasu sukan ce a juya ƙarfen gaba da hannu a ƙirga juyin na baya. Wannan dabarar giyar hannu ce, a otomatik ɓata lokaci ne. Kulocinta matsin mai ne ke kama su, famfon man kuma inji ne ke juya shi, idan inji a kashe yake babu giyar da ta shiga. Inda alli da jak ke da amfani shi ne aksil ɗin baya. A tare tayoyin gaba da duwatsu, a ɗaga tayar baya ɗaya a dafa motar da abin tokare mai ƙarfi, a sa giya a N, a yi wa farfela da taya alama. Sai a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin farfela. Huɗu da ɗan ɗoriya na nufin 4.10, huɗu da rabi da ɗan ƙari kuwa 4.56. Idan aksil ɗin mai riƙe tayoyi tare ne, sai a ɗaga duka biyun a juya sau ɗaya.

Sauran aikin a kan titi yake, kuma nan ne gaskiya ke fitowa. Ana buƙatar agogon juyin inji, wayar da ke auna gudu da GPS, da abokin tafiya mai rubutawa, domin idon direba na titi ne. Ba a dogara da allurar gudu ta motar, tunda a tsofaffin motoci daga giyabos take karɓar labari, ita ma tana cikin waɗanda ake tuhuma. Miƙaƙƙen wuri marar hawa a titin filin jirgin sama da safiyar Asabar ya wadatar.

A ɗauki misalin 4Runner mai giyabos A340, wadda lissafinta ya kasance 2.804, 1.531, 1.000 da 0.705. Tayar 265/70 R16 tana cin kimanin mita 2.44 a kowane juyi. A gudun kilomita 80 mota na cin mita 1,333 a minti, wato taya na juyawa sau 546. Idan aka danna maɓallin O/D aka kashe giya ta huɗu, motar za ta tsaya a ta uku, inda juyin shiga da na fita suke daidai wa daida. Agogo ya nuna 2,250, a raba da 546, a sami kusan 4.10. Ya nuna 2,500, to 4.56 ne. Tazarar ta kai kashi 11 cikin ɗari na juyin inji a kowace kilomita, daga Gwagwalada har Maitama.

Da an san aksil, sauran giyoyin sun zo hannu. A sa a L a riƙe kilomita 30: taya na juyi 205, a ninka da 4.10 a sami 840. Agogo ya nuna kimanin 2,350, giya ta farko 2.80 ce ke nan. Haka za a yi wa ta biyu. Masu tsohuwar Mercedes su lura cewa wasu samfuran da giya ta biyu suke tashi, haka aka ƙera su, kuma an sha zargin giyabos mai lafiya saboda wannan.

Dabarar tana da iyaka. Tsakanin inji da giyabos akwai konbata, wadda da mai take miƙa ƙarfi, kuma takan ɗan zame. A giyabos marasa makullin konbata, kamar 722.3 ta Mercedes, agogo zai riƙa nuna sama da lissafi kaɗan, musamman idan ƙafa ta yi nauyi a totur. Tsohuwar Powerglide ta kamfanin General Motors mai giya biyu ta fito da 1.76 da 1.82, tazarar da ba ta wuce kashi 3 da ɗoriya ba, kuma zamewar konbata kaɗai na iya haɗiye ta. A irin wannan yanayi sai a maimaita awo sau uku da ƙafa a sake, a haɗa sakamakon da lambar jikin ƙarfe.

Masu motar da tayoyi huɗu ke ja su ne ya fi kamata su yi wannan awo kafin biyan kuɗi. Idan aksil ɗin gaba 4.10 ne na baya kuma 4.56, ranar da aka haɗa su a kan kwalta gaba da baya za su yi ta ja-in-ja, kuma akwatin da ke raba musu ƙarfi ko farfela ne zai fara karyewa.