Fir'aunoni a kan sulalla: darasi ga masu tsofaffin kuɗi a Rano

A ranar 3 ga watan Afrilun 2021, hukumomin ƙasar Masar sun ɗauke gawarwakin sarakunan zamanin Fir'auna 22, maza 18 da mata 4, daga gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa wani sabo a unguwar Fustat da ke birnin Alƙahira. Domin tunawa da bikin, gwamnati ta buga sulalla na musamman.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar. Tun shekarar 2006 Misirawa ke cefane da kwandalar fam ɗaya mai ɗauke da fuskar Tutankhamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922, yayin da ta rabin fam ke ɗauke da Sarauniya Kiliyofatra. A wurin hukumomin Masar, waɗannan hotuna tarihi ne, kuma talla ce ga masu yawon buɗe ido.

Masu tara irin waɗannan kuɗi kan duba abubuwa uku kafin su yi tayi: ƙarfen da aka yi su da shi, da adadin da aka buga, da kuma lafiyarsu. Kwandalar da aka huda, ko aka goge har zanenta ya dushe, farashinta kan faɗi ƙasa warwas.

A nan ne batun ya shafi Rano da Kibiya. Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda sana'ar rini. Da wuri ake ciniki a kasuwanninta kafin Turawa su kawo anini da kwabo mai huji. Bayan zuwan naira a 1973, kwandalar kwabo 25 ta fito da hoton gyada, amfanin gonar da manoman ƙasar Kano suka gina daloli da shi.

A yau da wuya a ga ana karɓar sulalla a kasuwannin Najeriya, duk da sababbin da Babban Banki ya fitar a 2007. Tsofaffin kuwa sun koma ƙasan adaka, wasu kuma na ƙarewa a hannun 'yan jari-bola a kan farashin ƙarfe.

Don haka wanda ya gaji irinsu, ya adana su a busasshen wuri, kada ya goge su da toka ko lemun tsami, sannan ya nemi shawarar masana, kamar ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama a Kano, kafin ya rabu da su.