FASHIN BAƘI: Yadda hanyoyin ƙauyukan Iten ke haifar da zakarun gudu, da abin da ke ɓoye a bayansu

Tun kafin gari ya waye, hanyoyin jar ƙasa da suka kewaye garin Iten na ƙasar Kenya kan cika da 'yan gudu. Rukuni-rukuni suke fitowa, maza da mata, su ratsa gonakin masara da na alkama, su wuce makarantun firamare da garken shanu, su hau tudu su gangara. Garin, wanda shi ne hedikwatar gundumar Elgeyo-Marakwet, yana da nisan kilomita 35 ko makamancin haka daga Eldoret, kuma ƙofar shigarsa na ɗauke da rubutun da ke kiransa gidan zakaru. Matasan da suka goge a waɗannan hanyoyi da na ƙauyukan maƙwabta ne suka daɗe suna lashe manyan gasannin gudun yada-ƙanin-wani, daga Boston da Landan har zuwa Legas.

Tsauni da siririyar iska

Iten na zaune a bakin gangaren Kwarin Kerio, kimanin mita 2,400 sama da doron teku. A irin wannan tsayi, numfashi ɗaya ba ya kai wa huhu sai kusan kashi uku cikin huɗu na iskar oksijin da mutum zai shaƙa a gaɓar teku. Jiki kan cike giɓin ta hanyar ƙoda, wadda ke ƙara fitar da sinadarin EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Idan ɗan gudun da ya saba da nan ya sauka Balin ko Chicago, jininsa na ɗaukar iska fiye da na wanda ya yi atisaye a ƙasa. Shi ya sa 'yan wasa daga Turai da Amurka ke zuwa su yi makonni a sansanonin garin, ciki har da cibiyar da tsohuwar zakara Lornah Kiplagat ta kafa.

Aikin da hanyar ke yi

Tsayi kaɗai ba ya yin zakara. Hanyar jar ƙasa ta fi kwalta taushi, don haka gwiwa da agara na jure nisan da manyan 'yan gudu ke ci, wanda kan haura kilomita 150 a mako. Ramuka da tsakuwa na tilasta wa ƙafa sauya taku a kowane lokaci, abin da ke ƙarfafa idon sawu. Hawa da gangara kuwa atisaye ne da ƙasar ta bayar kyauta: tudu ya matse zuciya da cinya, gangara ta koya wa ƙafa sauri.

Mako ma a tsare yake. Galibi ranar Talata ta zagayen fili ce. Alhamis ta gudun da ake kira fatlek ce, kalmar da aka aro daga yaren Sweden, inda taron 'yan gudu kan haɗu a wata mararraba su riƙa sauya sauri da sassauci bisa agogo, misali minti ɗaya da ƙarfi, minti ɗaya a hankali. Ƙarshen mako na dogon zango ne, kilomita 30 zuwa 40, sau da yawa a kan hanyar Moiben wadda ta fi sauran shimfiɗuwa, mota na biye da su ɗauke da ruwa. Ba a biyan ko sisi kafin a shiga ayari. Ɗan manomin da bai taɓa hawa jirgi ba yana iya bin sawun mai lambar zinare har inda ƙarfinsa ya ƙare, gobe kuma ya sake gwadawa.

Wannan al'ada tana da tushe. Kipchoge Keino ya lashe zinare a tseren mita 1,500 a gasar Olamfik ta Mexico a 1968, ya nuna wa al'ummar Kalenjin cewa gudu na iya fitar da mutum duniya. A 1976 wani malamin mishan ɗan ƙasar Ayalan, Colm O'Connell, ya iso makarantar St Patrick's da ke Iten don koyarwa, ya ɓuge da horar da 'yan gudu. Cikin almajiransa akwai David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 a Landan a 2012. A Kaptagat, wani ƙauyen da ke bakin daji a yankin, Eliud Kipchoge ya yi shirin gudun da ya kammala cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019.

Inda gizo ke saƙa

Ga mafi yawan matasan, gudu hanyar neman abinci ce. Kyautar gasa ɗaya a waje na iya sayen gona, ta gina gida, ta biya wa ƙanne kuɗin makaranta. Amma masu nema dubbai ne, masu samu kaɗan, kuma wannan matsi ne ya buɗe ƙofar magungunan ƙara kuzari. EPO ɗin da jiki ke samarwa a kan tsauni yana da na allura. Da shi aka kama Rita Jeptoo a 2014 bayan ta lashe Boston da Chicago, da Jemima Sumgong a 2017, shekara guda bayan zinarenta na Rio. Abraham Kiptum, wanda ya lashe gasar Legas a 2016 da 2017, an dakatar da shi na shekara huɗu a 2019 saboda sauye-sauyen da aka gano a jininsa. Kenya ta kafa hukumar yaƙi da wannan ɗabi'a a 2016, sannan a ƙarshen 2022 gwamnati ta yi alƙawarin kashe dala miliyan 5 duk shekara har tsawon shekara biyar, domin kauce wa dakatar da ƙasar baki ɗaya.

Mata na fuskantar wani haɗarin a cikin gida. A Oktoban 2021 aka tsinci gawar Agnes Tirop, mai shekara 25, a gidanta da ke Iten, makonni kaɗan bayan ta kafa tarihin duniya a tseren kilomita 10 na mata zalla a Jamus. An gurfanar da mijinta bisa zargin kisa, ya musanta. Abokan gudunta sun kafa ƙungiyar Tirop's Angels don kare 'yan wasa mata, waɗanda kuɗin da suke samu kan jawo musu rikici da mazajen da ke riƙe da dukiyarsu.

Su kansu hanyoyin suna sauyawa. Kwalta na shiga wasu daga cikinsu, abin da manomi mai kai madara kasuwa ke maraba da shi, ɗan gudu kuma ke rasa ƙasa mai taushi, ya kuma raba hanya da motoci da 'yan acaɓa. Filin Kamariny, inda zakarun garin suka daɗe suna zagaye, an rufe shi don gyara, aikin ya tsaya cik shekaru da dama, har 'yan gudu suka koma neman fili a Tambach da Eldoret. A Fabrairun 2024 Kelvin Kiptum, mai shekara 24, wanda ya kafa tarihin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago watanni huɗu kafin nan, ya rasu tare da kocinsa a haɗarin mota da dare a yankin Kaptagat.

Abin da ya shafi Najeriya

Tun da aka fara gasar Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ne ke mamaye manyan kyaututtukanta, haka ma tseren kilomita 10 na ƙauyen Okpekpe a Jihar Edo. Cikin 'yan gida, waɗanda suka fi taɓukawa galibi daga Jihar Filato suke, musamman yankin Pankshin mai tuddai da sanyi. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba ma yana da tsayi da hanyoyin ƙauye irin waɗanda ake nema. Abin da Iten ta ɗora a kan tsauninta shi ne makarantun da suka ɗauki gudu da muhimmanci, masu horarwa da suka zauna shekaru gommai a wuri guda, da gasanni a kai a kai inda dillalan 'yan wasa ke hango sabbin jini. Duk gwamnatin jihar da ke son kwaikwayonta sai ta tanadi waɗannan, ta kuma haɗa da gwajin jini da kariyar 'yan wasa mata tun daga ranar farko.