Ɗan Wane Ne? Yadda Shari'a Ke Tabbatar Da Uba

 

Ya kai mai karatu, ko kai ɗalibi ne ko kuwa mahaifin da aka kawo wa mujallar nan gida, dubi rajistar aji. Kowane suna biyu ne a haɗe: na yaro da na ubansa. Wannan haɗi shi malamai ke kira nasaba. A kanta gado yake, a kanta ciyarwa take, da ita ake sanin wanda zai ba da auren yarinya da wanda ya haramta ta aura. To, ta yaya Shari'a ke tabbatar da cewa wane ɗan wane ne?

Babbar hanya ita ce aure. Matar da ta haihu a ɗakin mijinta, ɗa na mijin ne, ba sai an nemi wata shaida ba. A shekarar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a suka kai jayayya gaban Manzon Allah (S.A.W.) a kan wani yaro. Sa'adu ya ce ɗan ɗan'uwansa Utba ne, a duba kama. Abdu ya ce ƙaninsa ne, kuyangar mahaifinsa ta haife shi. Annabi ya duba, ya ga kamar Utba ƙarara, amma duk da haka ya hukunta yaron ga gidan Zam'a, don a shimfiɗarsa aka haife shi.

Ka lura da wannan sosai, domin nan ne muke yawan zamewa. Ranar suna, a Samaru ko a Sabon Gari, wata sai ta leƙa fuskar jariri ta taɓe baki, wai wannan hanci ba na gidan nan ba ne. Kafin a gama rabon goro magana ta zaga unguwa. Alhali Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani balaraben ƙauye ya zo wa Annabi da irin wannan zargi, don matarsa ta haifi yaro baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a ciki, wataƙila ya ɗauko daga kakanni. Sai aka nuna masa ɗansa ma haka ne. Kuma wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu 4 ba, Suratun Nur aya ta 4 ta yanka masa bulala 80.

Sai dai akwai lissafi. Dole a haifi yaron bayan wata 6 ko fiye daga lokacin da aka ɗaura aure kuma zaman tare ya yiwu. Ina aka samo wata 6? Ɗauko allonka. Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta haɗa ɗaukar ciki da yaye ta ba su wata 30. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ce cikakkiyar shayarwa shekara 2 ce, wato wata 24. Cire 24 daga 30, saura 6. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Ali ne ya nuna wa Sayyidina Usman wannan hujja. Saboda haka bakwaini ɗan halas ne, ba wanda ya isa ya ce uffan.

In kuwa aure ya mutu, ko miji ya rasu, sannan aka haihu fa? Wannan na daga cikin hikimomin idda. A littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su, irin su Mukhtasar na Shehu Halilu, an yarda ciki na iya daɗewa har shekara 4 ko 5, abin da iyayenmu mata ke cewa ciki ya kwanta. Ba zancen littafi kaɗai ba ne: ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa Amina Lawal, kuma wannan na cikin dalilan da ta kafa. Likitocin yau dai sun tabbatar ciki kusan mako 40 yake yi, da wuya ya haura 42. Tun da can ma Ibnu Abdil Hakam, shi ma Bamalike, ya tsaya a shekara 1, kuma haka dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta ɗauka. A ganina manufar magabata a fili take: gara a lulluɓe yaro da uba da a bar shi a tsirara.

Ko miji na da ikon cewa ba nasa ba ne? Yana da shi, amma ƙofar ƙunci gare ta, sunanta li'ani, tana Suratun Nur daga aya ta 6 zuwa ta 9. A gaban alƙali ake yi, ba a zaure ba. Miji ya rantse sau 4 cewa gaskiya yake faɗi, na biyar ya kira wa kansa la'anar Allah in ƙarya yake. Mata ta rantse sau 4 cewa ƙarya yake, na biyar ta kira wa kanta fushin Allah in gaskiya ya faɗa. Daga nan sun rabu har abada, yaro ya bi uwa. Kuma a wajen Malikiyya, wanda ya san da cikin ko haihuwar ya yi shiru ba wani uzuri, ya rasa wannan dama. Wato ba ka karɓar barka, ka yanka ragon suna, sai bayan shekara 3 da faɗa ya haɗa ku ka ce ba ka san zancen ba.

Za ka ce, to gwajin DNA fa? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 2002, ta ce a yi amfani da shi in jarirai sun cakuɗe a asibiti, ko yara sun ɓace a yaƙi ko bala'i, ko ana jayayya a kan wanda ba a san asalinsa ba. Amma ba a rushe nasabar da ta riga ta tabbata da shi, kuma ba ya maye gurbin li'ani. Ban da aure, nasaba na tabbata da shaidar adilai 2, ko mutum ya yi iƙirarin yaron da ba a san ubansa ba, matuƙar shekarunsu da hali sun karɓi maganar. Wanda aka haifa ba da aure ba, jamhurin malamai suna jingina shi ga uwarsa, yana gadonta tana gadonsa. Amma ku ji da kyau, 'yan makaranta: ba shi ya yi laifi ba, kuma yi masa gori da wannan zalunci ne.

To, me uba ke samu? Sunansa yaro zai ɗauka, shi ne waliyyin 'yarsa a aure, shi ke kula da dukiyar ƙaramin ɗansa da tarbiyyarsa, kuma in ɗan ya rasu ya bar ɗa namiji, uba na da kashi 1 cikin 6. In ya tsufa ya rasa, wajibi ne ɗa mai hali ya ciyar da shi. Sai dai haƙƙin tare yake da kaya: ci da sha da sutura da wurin kwana suna wuyansa, namiji har ya balaga yana iya nema, mace har ta tare a gidan miji.

Ga wurin da al'ada ta saɓa wa littafi. Mun saba in an rabu, da an yi yaye sai uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Zariya, ba haka ta koyar ba. Riƙo na uwa ne, namiji har balaga, mace har tarewa. In uwar ta yi wani aure, kaka ta wajen uwa ke gaba, sannan 'yar'uwar uwa. Uba yana ganin ɗansa, yana tura shi makaranta, yana kuma biyan ciyarwa ko da yaron ba a gidansa yake ba. Shi ma agola da ɗan riƙo, a riƙe su da mutunci, amma da sunan ubansu na gaskiya za a kira su, kamar yadda Suratul Ahzab aya ta 5 ta yi umarni.

In rigima ta fi ƙarfin dangi da liman da mai unguwa, kotun Shari'a ake zuwa, irin waɗanda Jihar Kaduna ta kafa a 2001. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Kaduna. Abin da alƙali zai fara tambaya shi ne ranar ɗaurin aure, ranar saki da ranar haihuwa, kuma nan ake yawan jin "wajen kaka ne" ko "bayan ƙaramar salla". Don haka, iyaye, a rubuta ranar ɗaurin aure da sunayen waliyyi da shaidu, a adana takardar saki in ta faru, a kuma karɓo wa kowane jariri takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta wajabta yi wa rajista. Kai kuma ɗalibi, in ka koma gida yau, tambayi Baba ko taka tana nan, ka duba ko an rubuta sunanka da nasa daidai.