Ruwan Lambatu da Hoton Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya saba bi ta Sharaɗa daga Na'ibawa ya san ba sai an buɗe masa ƙofar kamfani ba kafin ya gane ana aiki a ciki. Lambatu kawai zai leƙa. In ruwan ya rine ya yi baƙi ƙirin ko shuɗi-shuɗi, ga wari yana dukan hanci, to masu jimar fata ko masu rini sun tayar da inji. Ruwan Sharaɗa rafin Salanta yake bi ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi rafin Getsi zuwa kogin Jakara.

Da irin wannan leƙen ake ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa da na'urar fMRI. Ba ta ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aiki, jinin da ke wurin take dubawa. A 1990 Seiji Ogawa, wani masani ɗan Japan da ke aiki a Amurka, ya nuna cewa jinin da ya sauke iskar oksijin yana ɗan gurɓata maganaɗisun na'urar, wanda ke ɗauke da ita kuwa ba ya yi. In wani sashe ya kama aiki sai sabon jini ya kwararo masa, amma sai bayan kamar daƙiƙa 5 yake kai ƙololuwa, kuma canjin bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba. An riga an gama jima kafin ruwan ya iso bakin titi.

Sassan ƙwaƙwalwa da ke da hannu a tsoro da fushi da ƙyama kuwa a mummunan wuri suke zaune. Amigdala, 'yar mitsitsiya ɗaya dama ɗaya hagu, tana can ƙasa kusa da kogon iska na bayan hanci. Sashen da ke saman gurbin ido shi ma kogunan iska ne a ƙarƙashinsa. Inda iska ta haɗu da ƙashi da tsoka maganaɗisu yana karkacewa, sai hoton ya dusashe ko ya zama rami baƙi. Nan ne lambatu ya shige ƙarƙashin kwalbati. Wanda ya tsaya a kan kwalbatin ya ce bai ga ruwa ba gaskiya ya faɗa, amma in ya ce kamfanin ya rufe, ya yi azarɓaɓi. Ƙara wa na'ura ƙarfi ma ba ya kashe wannan wuta, domin karkacewar tana ƙaruwa da ƙarfin maganaɗisun.

Abin da ya fi damuna shi ne lambatun ba na kamfani ɗaya ba ne. Ruwan da ke wucewa ta jikin katangar wannan yana iya zama na wancan da ke can sama. A 2015 masu bincike a Biyena ta Austiriya suka nuna cewa wata babbar jijiyar jini mai suna Rosenthal tana ratsawa gab da amigdala, ɗauke da jinin da ta kwaso daga wasu sassa masu nisa, ciki har da masu tantance abin da ido ya gani. To an fi gwada amigdala ne ta hanyar nuna wa mutum hotunan fuskoki masu tsoro ko fushi. Wani kaso na hasken da ake cewa tsoro ne, ashe jinin kallon fuska ne yake wucewa ta ƙofar gida. Ga shi tsoron kansa yana sauya numfashi da bugun zuciya, mutum ya ɗan motsa kai, duk su zuba nasu a ruwan.

A 2020 wata tawaga daga Jami'ar Duke, wadda Ahmad Hariri ke cikinta, ta tattara gwaje-gwaje 90 inda aka auna mutane sau biyu. Daidaiton awon farko da na biyu bai wuce kusan 0.4 ba, a ma'aunin da 1 ne cikakke. Hariri kuwa yana cikin waɗanda suka yaɗa gwajin fuskokin nan. In aka haɗa mutane da yawa aka ɗauki matsakaici, ana samun abin riƙewa. Amma a ɗauki hoton mutum ɗaya a ce wannan matsoraci ne, ko yana dab da ciwon damuwa, ni dai ba zan saya ba.

Masu aiki da fMRI suna rage ɓarnar: su sirantar da yankan hoton, su karkata kusurwarsa, su ɗauki awo da yawa a bugu ɗaya, su naɗi numfashi da bugun zuciya don a cire su daga lissafi. Masu tsantseni kuma sukan fara buga taswirar inda na'urarsu ta gani da inda ta makance kafin su nuna launukan ja da rawaya masu alamta inda ƙwaƙwalwa ke aiki.