Moha: Duhun Zuciya a Koyarwar Addinin Buda

Da harshen Pali aka adana tsofaffin littattafan addinin Buda, waɗanda ake kira Tipitaka, wato kwanduna uku, kuma an fara rubuta su ne a tsibirin Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, bayan an daɗe ana riƙe da su da ka. A cikin waɗannan littattafai kalmar moha tana da babban matsayi, kuma asalinta daga tushen muh ne, wanda yake nufin dimaucewa, irin halin da mutum kan shiga idonsa biyu amma bai gane abin da ke gabansa ba.

Koyarwar ta ce duk wani mugun aiki yana tsirowa ne daga saiwoyi uku: lobha, wato kwaɗayi, dosa, wato ƙiyayya, sai moha, wadda ta fi sauran zurfi. Dalili kuwa shi ne, a lissafin Abhidhamma, sashen da ke nazarin zuciya filla-filla, munanan yanayin zuciya guda 12 ne, 8 na kwaɗayi, 2 na ƙiyayya, 2 kuma na moha zalla, waɗanda suke zuwa tare da shakka ko rashin natsuwa. Kwaɗayi da ƙiyayya ba sa haɗuwa a lokaci guda, amma babu ɗaya cikin goma sha biyun da moha ba ta ciki. Buddhaghosa, malamin da ya rubuta Visuddhimagga a birnin Anuradhapura a ƙarni na 5 Miladiyya, ya siffanta ta da makantar zuciya, ya ce aikinta rufe haƙiƙanin abu, kuma abin da ke jawo ta shi ne duba al'amura ba bisa hikima ba. A zanen da ake yi a bangon wuraren ibada na Tibet, zakara ne yake wakiltar kwaɗayi, maciji ƙiyayya, alade kuma moha.

Ɗalibin da ya zauna a zauren malamai a Sanyinna ko Tambuwal ba zai ji wannan magana baƙuwa ƙwarai ba, domin ya san bambancin da ke tsakanin jahilci basiɗi, na wanda bai sani ba, da jahilci murakkabi, na wanda bai sani ba kuma bai san bai sani ba. Moha ta fi kusa da na biyun, tunda malami mai tarin littattafai ma yana iya kasancewa cikinta. Sai dai kuskure ne babba a ɗauka cewa abu ɗaya ake nufi. Abin da moha ke ɓoyewa, a wurin mabiya Buda, shi ne cewa komai mai gushewa ne, mai tattare da wahala, kuma babu wani rai dawwamamme a cikin mutum, wanda wannan na ƙarshe ya saɓa wa aƙidar Musulunci kai tsaye. Maganinta ma ba wahayi ba ne a wurinsu, hikima ce da ake samu ta hanyar kame kai da horar da zuciya.

A littafin Anguttara Nikaya an auna saiwoyin nan uku, aka ce sha'awa, wato kwaɗayi, laifinta kaɗan ne amma tana da wuyar rabuwa, ƙiyayya laifinta babba ne amma tana saurin gushewa, moha kuwa ta haɗa girman laifi da jinkirin gushewa.